Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita nawa, awa nawa?

Kowace shekara, in lokacin aikin hajji ya gabato, akwai gardama guda da ke tashi a majalisa da bakin rijiya. Wani ya ce jirgin Makka yini guda yake yi. Wani ya ce a'a, awa 7 da rabi ne, ga shi nan rubuce bisa tikitin yayanshi. Wata hajiya ta ce ita dai ran da za su komo gida, awa 3 da rabi kaɗai ta gani bisa takarda. Kowa ya tsaya bisa maganarshi, har da rantsuwa.

Ƴan'uwa masu karatu, cikin mutanen nan 3 babu wanda ya yi ƙarya. Abin da ya raba su shi ne lissahi. Yanzu da kunka iya karanta lambobi, za mu yi wanga lissahi tare. Ku ɗauko allo da alli, ko littahi da alƙalami. Ko ba ku da niyyar Makka bana, wata rana za ku raka wani, ko a miƙo muku tikiti a ce: «Kai da ka yi karatu, duba mini yaushe za mu tashi.»

Mu fara da kilomita

Kilomita 1 mita 1.000 ne. Ɗigon nan da kuke gani bayan lamba 1 yana raba dubu da sauran lambobi, don ido ya samu sauƙin karatu. Mutum mai lahiya, in yana tahiya ba da gaggawa ba, yakan ci kilomita 4 ko 5 cikin awa guda. Duwatsun nan farare masu jan kai da kuke gani a bakin babbar hanya, su ne ke gaya wa direba kilomita nawa ya rage.

Nisa iri 2 ne. Akwai nisan hanya, akwai nisan tsuntsu. Mu ɗauki misali a gida. Mota in ta tashi daga Yamai za ta Damagaram, sai ta bi ta Doso, ta Dogon Dutsi, ta Birnin Ƙonni, ta Maraɗi, ta Tasawa. Hanya tana lanƙwasa, tana neman garuruwa, tana kauce wa dutsi da fadama. In an haɗa duka, kusan kilomita 900 ne. Amma tsuntsu babu ruwanshi da Doso, babu ruwanshi da tasha. In ya miƙe sak daga Yamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 750 zai yi. Ku rubuta 900, ku ɗebe 750. Saura 150. Wannan 150 ɗin, lanƙwasar hanya ce ta ci shi.

Jirgin sama ɗan'uwan tsuntsu ne. In ana maganar nisan jirgi, nisan tsuntsu ake nuhi.

To, daga Yamai zuwa Jidda, garin da ke bakin teku kusa da Makka, nisan tsuntsu kusan kilomita 4.000 ne. Daga Yamai zuwa Madina kuwa wajen 4.100. Lamba 4.000 tana da sauƙin faɗi, amma kai ba ya kama ta nan da nan. Ku auna ta da abin da kunka sani. Mota ta tashi Yamai ta zo Damagaram, ta koma Yamai, ta sake zuwa Damagaram, ta sake komawa Yamai, kuma ta kamo hanya har ta wuce Birnin Ƙonni kaɗan. Sau 4 da rabi ke nan. Wanda ya taɓa yin wagga hanya ko sau guda, bayanshi ya san abin da ake faɗi.

In kun samu taswira, ku aza zare, bakinshi guda bisa Yamai, guda bisa Jidda, ku ja shi ya miƙe. Zaren zai bi kusa da Tawa. Zai wuce arewa da Tanut kaɗan. Zai shiga ƙasar Cadi, ya bi ta wajen garin Faya cikin hamada. Zai shiga Sudan ta arewa, ya ƙetare kogin Nilu, ya ƙetare Bahar Maliya, sannan ya faɗa Jidda. Mutumin Damagaram ya lura da wani abu: ya sha wahalar mota ya tahi yamma har Yamai, ga shi jirgi ya komo da shi gabas, ya wuce da shi ta saman ƙasarsu yana zaune.

Yadda kakanninmu sunka yi ta

Kahin mu shiga jirgi, mu tsaya mu auna wagga tahiya da ƙafa. Mu ce mutum yana cin kilomita 25 kowace rana, da kayanshi, da jakinshi. Ku raba 4.000 da 25. Ya ba ku 160. Kwana 160, watau wata 5 da kwana 10. Kuma wannan lissahin takarda ne: babu hutu, babu ciwo, babu damina, babu lanƙwasar hanya, babu ƙarewar guzuri.

A zahiri ba haka take ba. Mutanen da ba su bin hanyar zare, don hamada babu ruwa. Suna gangarawa ta Barno, su zagaya tabkin Cadi, su shiga Wadai ta garin Abashe. Daga nan Darfur, su yada zango Fashir. Daga nan Kurdufan, su kai Ubayyid. Daga nan bakin Nilu, wajen Hartum. Daga nan kuma su nemi bakin teku, garin Sawakin, su jira jirgin ruwa ya ƙetarar da su zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum ƙarshen irin wagga hanya. In kuɗi sun ƙare, sai a tsaya a yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko ga-ruwa, a tara, a ƙara gaba. Da anka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a Sudan cikin 1925, maniyyata da yawa can sunka riƙa tsayawa ƙwadago. Wani shekara 2 ya yi kahin ya ga Ka'aba, wani 5, wani hiye da haka. Akwai wanda ya bar gida da jariri a goye, ya komo da saurayi. Akwai waɗanda ba su komo ba sam. Jikokinsu suna nan Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da Gadarif, suna jin Hausa har gobe.

Shi ya sa a da mai niyyar Makka yakan bi gida gida yana neman gafara, ya biya bashi, ya bar wasiyya. Ba a san ranar komowa ba.

Jirgin sama ya canza wanga al'amari cikin ɗan lokaci. Dattawa cikinku suna tune da kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashen Afirika da dama, har da Nijar, sunka kafa tare cikin 1961. Ya yi jigilar alhazai shekaru da yawa kahin ya durƙushe cikin 2002.

Gudun jirgi

Babban jirgi irin na alhazai, in ya hau sama ya daidaita, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 cikin awa guda. Cikin minti 1 kaɗai yana cin wajen kilomita 14. Daga Damagaram zuwa Mirya wajen kilomita 18 ne. Kahin ku gama gaisawa da maƙwabci, jirgi ya wuce Mirya.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe: in kun san nisa, kun san gudu, sai ku raba nisa da gudu, ku samu lokaci. Mu ɗauki 800 don sauƙin lissahi. Awa ta 1, kilomita 800. Awa ta 2, 1.600. Ta 3, 2.400. Ta 4, 3.200. Ta 5, 4.000. Mun iso. Awa 5 ke nan.

Amma jirgi ba ya fara gudu 800 tun daga ƙofa. Sai ya yi tahiya a hankali bisa ƙasa har ya kai bakin hanyar tashi. Sai ya hau sama sannu sannu, wajen minti 20 ko hiye, kahin ya kai inda yake so. Wurin sauka ma haka, tun da nisa yake rage gudu. In hili ya cika da jirage, kamar yadda Jidda take lokacin hajji, sai a ce ya dakata, ya yi ta kewaya sama har a ba shi izini. Kuma sama ma tana da hanyoyinta waɗanda ma'aikata sunka tsara, don kada jirage su haɗu. Ba kullum hanyar ke bin zarenmu daidai ba. Saboda haka mu ƙara rabin awa bisa awa 5 ɗinmu. Daga Yamai zuwa Jidda, in jirgi bai tsaya ko'ina ba, kuma hanya a buɗe take, ku sa awa 5 da rabi a ranku.

Na ce «in hanya a buɗe take» da gangan. Sararin saman kowace ƙasa nata ne, kamar gonarta. Ba a ratsa shi sai da izini. Cikin watan Afirilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, anka ruhe sararin saman ƙasar. Jiragen alhazai na Afirika ta yamma dole sunka riƙa zagayawa, wasu ta kudu, wasu ta arewa. Zagaye yana ƙara kilomita, yana ƙara awa, yana ƙara shan mai, shi kuma mai yana ƙara kuɗin kujera. Yamai ba ta gusa ba, Jidda ba ta gusa ba, amma tahiya ta ƙara tsawo. Don haka kada ku yi gardama da alhajin da ya ce shi awa 7 ya yi a sama. Ku tambaye shi wace shekara, kuma ta ina sunka bi.

Iska ma tana da nata. Can sama akwai iska mai ƙarhi ƙwarai. In tana bayan jirgi, ta tura shi ya riga lokaci. In tana gabanshi, ta riƙe shi. Mai keke ya san wannan tun ba yau ba.

Sai kuma jirgin da ke yada zango. Jiragen hajji galibi kai tsaye suke tahiya. Amma mai zuwa umra ko fatauci sau da yawa yakan canza jirgi a wata ƙasa. Mu ce ta Adis Ababa, babban birnin Habasha. Daga Yamai zuwa Adis Ababa kusan kilomita 4.000 ne, daidai da nisan Jidda. Daga can zuwa Jidda kuma wajen 1.400. Ku haɗa: 5.400. Ga kuma zaman jiran jirgi na 2, wanda kan kai awa 3, ko 6, ko kwana. Tikitin da ya hi araha sau da yawa shi ne mai dogon jira. Kahin ku biya, ku sa a gaya muku awa nawa za ku zauna a tsakani.

Agogo 2, rana guda

Yanzu mun zo ga wurin da ya hi rikita mutane. Ku natsu nan.

Kun san da azumi mutanen Damagaram suna riga mutanen Yamai shan ruwa. Tsakaninsu kusan rabin awa ne. Mutanen Difa kuwa suna riga Yamai da wajen minti 40. Don mi? Don rana daga gabas take hitowa. Wanda ke gabas shi ke fara ganin ta, shi ke fara rabuwa da ita. A ƙasarmu, duk kilomita 27 da kunka yi zuwa gabas, rana tana riga hitowa da minti 1. Ku gwada: 750 a raba da 27, ya ba da kusan 28. Ga rabin awar Damagaram ta hito.

In kuna son ku gani da ido, ku ɗauki lemu da hitila cikin ɗaki mai duhu. Lemu shi ne duniya, hitila ita ce rana. Ku soka tsinke 2 jikin lemun, guda dama, guda hagu. Ku juya lemun sannu. Tsinke guda zai shiga haske, ɗayan yana cikin duhu tukuna. Haka duniya ke juyawa, sau guda cikin awa 24.

Makka tana gabas da mu da nisa. Rana tana hitowa can wajen awa 2 da rabi kahin ta hito Yamai. Lokacin da liman ke tada sallar asuba a Harami, mu nan dare ne sosai, ko zakara bai yi cara ba.

Da kowane gari zai bi ranarshi, da agogon Maraɗi daban, na Tawa daban, aiki ya rikice. Shi ya sa kowace gwamnati ta tsaida agogo guda ga ƙasarta. Nijar duka agogo guda ne, daga Tera har Bilma. Najeriya, Cadi, Benin da Kamaru agogonsu daidai da namu yake. Mali, Burkina Faso da Gana suna bayanmu da awa 1. Sudan tana gabanmu da awa 1. Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Wannan shi ne abin riƙewa: agogon Makka ya riga namu da awa 2, rani da damina. In ƙarhe 8 ne nan, can ƙarhe 10 ne. In ƙarhe 12 na rana ne can, nan ƙarhe 10 na hantsi ne.

To ga sirrin tikiti. Lokacin tashi, da agogon garin da za a tashi ake rubuta shi. Lokacin sauka kuwa, da agogon garin da za a sauka. Agogo 2 ne bisa takarda guda.

Mu gwada. Jirgi ya tashi Yamai ƙarhe 10 na dare. Ya yi awa 5 da rabi a sama. Agogon da ke hannun alhaji, wanda bai taɓa ba tun gida, yana nuna ƙarhe 3 da rabi na dare. Amma agogon bangon hilin jirgin Jidda yana nuna 5 da rabi na asuba. Shi ne za a rubuta bisa tikiti. Mai karanta tikiti a gida ya ƙirga daga 10 na dare zuwa 5 da rabi, ya samu awa 7 da rabi. Ga mutumin da ke rantsuwa da tikitin yayanshi. Awa 2 na ciki ba tahiya ba ce, bambancin agogo ne.

Yanzu komowa. Jirgi ya tashi Jidda ƙarhe 10 na sahe, agogon can. Ya yi awa 5 da rabi. Agogon Jidda ya kai 3 da rabi na la'asar. Amma a Yamai ƙarhe 1 da rabi ne na rana. Bisa tikiti za a ga tashi ƙarhe 10, sauka 1 da rabi. Awa 3 da rabi ke nan ga mai ƙirga da ido. Ga hajiyarmu ita ma ta hita. Jirgin bai ƙara gudu don ɗokin gida ba. Awa 2 da anka ƙara mata wurin zuwa, su ne anka ɗebe wurin komowa.

A taƙaice: in za ku gabas, ku ɗebe awa 2 daga abin da tikiti ya nuna, ku samu zaman da za ku yi cikin jirgi. In za ku komo, ku ƙara awa 2.

Wanga bambanci ba wasan lissahi ba ne kaɗai. Alhaji in ya sauka, ya gyara agogonshi nan take, ya tura shi gaba da awa 2. In bai gyara ba, shugaban ayari zai ce mota za ta tashi ƙarhe 8, shi kuwa ya hito agogonshi na nuna 8, ya tarar an tahi tun awa 2 da sunka wuce. Salula da yawa suna gyara kansu in sun kama layin can, amma ku duba ku tabbata. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga a kan lokaci, ya tambayi likita tun gida yadda zai yi da awa 2 ɗin nan. Ku kuma na gida, in za ku kira alhaji bayan kun gama hira ƙarhe 10 na dare, ku tuna can 12 ta yi, bawan Allah ya gaji, kuma zai tashi tun kahin asuba. Mai tahiya da azumi ya lura shi ma: in ya nuhi gabas yininshi zai gajarta, in ya nuhi yamma zai ƙara tsawo, don faɗuwar rana ta wurin da yake ita ce abin dubawa, ba agogon garin da ya baro ba.

Karatun tikiti

Bisa tikiti ba a rubuta sunan gari duka kullum. Kowane hilin jirgi yana da haruffa 3 nashi. NIM shi ne Yamai, hilin jirgin Diori Hamani, mai sunan shugaban ƙasarmu na farko. JED shi ne Jidda. MED shi ne Madina. In da faransanci anka rubuta, kalmar «Départ» tana nuhin tashi, «Arrivée» tana nuhin sauka.

Ba a rubuta «na sahe» ko «na dare». Ana ƙirga awa daga 0 har 23. Daga 1 zuwa 12 babu wuya. In lamba ta wuce 12, ku ɗebe 12. 13h00 ƙarhe 1 ne na rana. 16h30 ƙarhe 4 da rabi na la'asar. 22h00 ƙarhe 10 na dare. In kun ga +1 kusa da lokacin sauka, ana nuhin sai washegari za a sauka.

Akwai rami guda da mutane ke faɗawa, kuma ina son ku kewaye shi. Mu a al'adarmu da addininmu, dare shi ke riga yini. In munka ce daren Juma'a, muna nuhin daren da ke farawa da magaribar Alhamis. Amma ga masu jirgi, sabuwar rana tana farawa ƙarhe 12 na dare, wanda suke rubutawa 00h00. Daga nan kwanan wata ke canzawa.

Mu ce tikiti ya nuna Juma'a, 00h30. Wannan minti 30 ne bayan tsakar dare, Juma'a ta shigo ke nan. Watau ran Alhamis da dare za ku kasance a hilin jirgi. Wanda ya ga kalmar Juma'a ya kwanta, ya ce sai an sauko masallaci zai shirya, to jirginshi ya daɗe da sauka Jidda. Kuɗin da ya tara shekara da shekaru, ya saida shanu, ya saida amfanin gona, ga su nan cikin hatsari saboda lamba 4 da bai karanta daidai ba. In kuwa tikiti ya nuna Juma'a, 23h00, wannan ran Juma'a ne da dare, daren da mu muke kira daren Asabar. Ku karanta wanga sakin layi sau 2. In an kawo muku tikiti mai 00h ko 01h ko 02h, ku gaya wa mai shi da baki: «Tun jajibiri da dare za ka tahi.»

Tahiya ta hi zaman jirgi tsawo

Saura mutum na farko, wanda ya ce yini guda ake yi. Shi daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki yake ƙirgawa, kuma ni a ganina lissahinshi ya hi amfani ga mai shiri.

Mutumin Maraɗi da zai tashi daga Yamai yana da wajen kilomita 660 a gabanshi. In mota tana cin kilomita 66 cikin awa, da tsaye-tsaye da komi, awa 10 ke nan. Ku duba da kyau: zuwa Yamai daga Maraɗi ya kusa ninka zuwa Jidda daga Yamai. Ga jirgin ƙasa da ƙasa, ana son mutum ya iso hili awa 3 kahin tashi, don awon kaya da duba fasfo da biza da takardar rigakahi. Maniyyata akan kira su tun kahin haka, don suna da yawa. Hukumar aikin hajji da umra, wadda ake kira COHO, da kamfanin da kunka biya, su ke faɗin ranar da lokacin. Ku saurari sanarwa da kunnenku, kada ku dogara da «an ce».

Cikin jirgi kuma, awa 5 da rabi zaune wuri guda ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo. Jirgi yana hawa sama wajen kilomita 10 ko 11. A waje sanyi ya kai 50 ƙasa da sanyin da ke daskarar da ruwa, ciki kuwa iska busassa ce. Ku sha ruwa. Kada ku ƙi sha don tsoron zagayawa, akwai makewayi ciki, ma'aikata za su nuna muku. Ku riƙa motsa ƙafa, in an ba da dama ku miƙe ku ɗan taka. In kunne ya toshe wurin tashi ko sauka, ku haɗiye yawu. Ku yi alwala tun ƙasa. Zancen ɗaura harami kuwa ya danganta da inda za a sauka. Wanda za a kai Madina da farko, sai zai hita zuwa Makka yake ɗaurawa a Zul Hulaifa. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya tambayi malaman ayarinsu tun Yamai, kada jirgi mai cin kilomita 14 cikin minti ya wuce da shi miƙati yana neman jakarshi.

An sauka ma ba a iso ba. A Jidda akwai wani ɓangare na alhazai kaɗai, mai ruhi kamar manyan tantuna farare, a hilin jirgin Sarki Abdul'aziz da anka buɗe cikin 1981. Nan ake duba takardu, a jira kaya, a jira mota. Yakan ɗauki awoyi. Daga hilin zuwa Makka wajen kilomita 100 ne. Wanda ya sauka Madina kuwa, tsakaninshi da Makka wajen kilomita 450 ne, kusan kamar Yamai zuwa gaba da Birnin Ƙonni. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu tsakanin biranen 2, yana yin ta cikin awa 2 da rabi ko ƙasa da haka, amma ayarin alhazai galibi da manyan motoci ake kai su.

Ku haɗa da kanku: awa 10 na mota, awa 3 ko hiye na jira, awa 5 da rabi na sama, awoyin Jidda, da hanyar Makka. Ba mu sa kwanan Yamai ba. Yini da dare sun tahi.

Aiki

Ku yi waɗannan bisa allo, 2 da 2, sannan ku gwada amsa da na kusa da ku.

Jirgi yana gudun kilomita 800 cikin awa. Ya yi awa 3 a sama. Kilomita nawa ya ci? Nawa ya rage mishi ya kai Jidda?

Ƙarhe 7 ne na sahe a Tawa. Ƙarhe nawa ne a Madina? Ƙarhe nawa ne a Bamako?

Tikitin Hajiya ya nuna: JED 14h00, NIM 17h30. Awa nawa za ta zauna cikin jirgi? Ƙarhe nawa ɗiyanta za su tarbe ta?

Tikitin Malam ya nuna: NIM, Talata, 01h15. Ana son ya iso awa 3 kahin tashi. Wace rana zai tahi hilin jirgi, kuma ƙarhe nawa?

In akwai alhaji ko hajiya a unguwarku, ku roƙi tsohon tikitinsu, ku kawo shi aji ran darasi mai zuwa mu karanta tare.